Darajar Lofe Tana Cikin Hudarsa

Ban taɓa shan taba ba, ba na kuma yi wa kowa sha'awarta, domin illarta ga baki da huhu ba ɓoyayya ba ce. Amma lofen da aka sassaƙa da hannu ya koya mini yadda ake auna aikin gwani.

Tun wajajen 1850 masassaƙan garin Saint-Claude na Faransa suke yin lofe da kututturen saiwar birayar, wani tsiro na ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Akan dafa itacen na sa'o'i, sannan a shanya shi watanni, wani lokaci shekaru. Wanda ya yi gaggawa, lofensa zai yi ɗaci ko ya tsage.

Baƙon kasuwa sheƙi da tambari yake kallo. Masani kuwa tsinken goge lofe yake zurawa ta bakinsa. In ya isa gindin kaskon tabar bai yi tuntuɓe ba, an huda daidai. In hudar ta kauce, danshi zai taru, lofen ya riƙa ƙugi. Daga nan sai ya bi jijiyoyin itacen, domin waɗanda suka miƙe sambal sun fi tsada, ya kuma nemi inda aka cike gurbi da ƙullu aka lulluɓe da launi.

Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin amana. Tabo a itace ba laifin masassaƙi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Muddin sheƙi muke saye, mai haƙuri zai bar sana'a, mai algus ya gaje ta.