GONAR WIWI TA MAGRIB BA HUJJA BA CE

 Ya ku malamai da almajirai, da ku fatake ma'abuta safara, akwai wata magana da ta ke yawo a zauruka da rumfunan kasuwa, ta kuwa cancanci a tsaya a auna ta. Ana cewa wai ƙasar Magrib, watau Maroko, ƙasar Musulmi ce, mabiya Imamu Malik kamar mu, can ne mutanenmu ke zuwa ziyara birnin Fas, ga shi kuwa ta halatta noman wiwi. Saboda haka mu ma me zai hana mu shuka, ko mu zuba jari a ciki? Zancen yana da asali, amma an gutsure shi, rabin zance kuwa shi ke kai mutum rami.

Ku sani a arewacin Maroko akwai waɗansu duwatsu da a ke kira Rif, ƙasa mai gangare, ba ta da albarkar hatsi. Mutanen wurin, tun ba na jihar Ketama ba, sun daɗe suna noman wannan tsiro, suna ce masa kif. Su kan shuka shi a fili wajen Maris ko Afrilu, ya yi ta girma cikin zafi, idan yini ya fara raguwa ya fid da kai, a yanke shi a ƙarshen lokacin zafinsu, cikin Agusta da Satumba, daidai sa'ad da mu nan mu ke cikin marka gero na nuna. Sa'an nan a shanya, a buge, a tankaɗe, a cura garin ya zama hashisha.

To, me manomin ya samu? A shekarar 2003 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da sha'anin ƙwayoyi, tare da hukumar Maroko, sun ƙididdige gonakin, suka iske kimanin hekta 134,000, mutum wajen 800,000 na ci daga gare su. Suka kimanta abin da ya shiga hannun manoma duka dala miliyan 214, alhali cinikin da a ka yi da hashishar, galibi a Turai, ya tasam ma dala biliyan 12. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin lissafi: cikin kowace dala 100, manomi bai sami 2 cikakku ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba nan wahalar ta tsaya ba. A Rif ruwan sama ya kan ɗauke tun kafin zafi ya tsananta. Irinsu na gargajiya, wanda su ke kira beldiya, yana da haƙurin ƙishi, amma dillalai suka shigo da iri na ƙetare mai yawan amfani da yawan shan ruwa. Sai aka shiga haƙa rijiyoyi da kafa injuna, a na zuƙe ƙoramu a watannin da mutum da dabba suka fi bukatarsu, a ka sare dazuzzuka domin faɗaɗa gona. Bisa ga wannan kuma, dubban manoma sun shekara da shekaru hukuma na nemansu, mutum yana jin tsoron sauka kasuwar gari don kada a kama shi.

Wannan hali shi ya sa Maroko ta yi doka a shekarar 2021. Abin da dokar ta yarda da shi shi ne noma domin magani da sana'a, kamar zare da mai, cikin larduna 3 kaɗai: Husaima, da Shafshawan, da Tawunat. Manomi sai ya karɓi lasin, ya shiga ƙungiyar manoma ta gama kai, ya shuka irin da hukuma ta amince da shi, ya kuma miƙa amfanin ga kamfani mai izini. Sha domin a bugu yana nan a hane. A watan Agusta 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga mutum fiye da 4,800 waɗanda a ka tuhuma ko a ka hukunta saboda wannan noma. Ashe dai Magrib neman hanyar fita ta ke yi daga wata tsohuwar cuta, ba kiran sauran Musulmi ta ke su shigo ba.

Waɗansu kuma su kan ce ai asirin arzikin yana ga noman zamani, cikin ɗakin gilashi ko rumfar leda, inda a ke juya zafi da haske yadda a ke so, a girba sau da yawa a shekara. Su dubi Kanada, wadda ta halatta shansa ga manya a watan Oktoba 2018. Attajirai suka ruga, suka mai da ɗakunan gilashi na kayan lambu suka zama na wiwi. Kaya ya yi yawa, masu noma a fili suka zo da nasu da araha, farashi ya karye. A watan Maris 2020 kamfanin Canopy Growth, ɗaya daga cikin manyansu, ya rufe manyan ɗakunan gilashi 2, ya sallami ma'aikata wajen 500. In masu jari irin wannan sun ƙone hannu, ina ga mai 'yan kuɗin goro?

Yanzu mu koma ga hukunci, gama shi ne gaba da riba. Malamanmu ba su bar wannan mas'ala ba. Shaihu Karafi, babban malamin Malikiyya na Masar, wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe cikin littafinsa Furuƙ tsakanin abu uku: mai sa maye, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji. Ya sa hashisha cikin na biyu, inda babu haddi sai horon da alƙali ya ga ya dace. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ga daidai ta ke da giya har a haddi. Saɓaninsu a kan irin horon ne. Amma shan abin da ke ɓata hankali daga cikinta, babu wanda ya halatta a cikinsu, domin kiyaye hankali yana daga larurori biyar da Shari'a ta zo ta tsare. Malamai kuwa sun yi rangwame ga abin da ke gusar da ji idan likita zai yi aiki a jikin majinyaci. Nan ne ƙofar magani ta ke, ƙofa ce kuwa ƙunƙuntacciya, mai ita shi ne likita.

Game da manomi da falke, ƙa'idar mazhabarmu sananniya ce, ta toshe kafar ɓarna. Inabi halal ne, amma ba a sayar da shi ga wanda a ka san giya zai matse. Hukuncin gona yana bin inda amfaninta za shi, a fili ta ke ko a ƙarƙashin gilashi.

To, ina amfanin gonar wiwi ta Nijeriya ya ke zuwa? Ana noma shi a ɓoye cikin dazuzzukan Ondo, da Edo, da Delta, a cusa cikin buhuna, a hau da shi Arewa ƙarƙashin kayan halal. Ba asibiti za shi ba, bakin tasha za shi, da kangaye, da hannun 'ya'yanmu. Binciken da a ka yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya kimanin miliyan 10.6 suna shan wiwi. Doka kuma ta hana nomansa: ta 1966 har kisa ta ambata ga mai shuka shi, daga baya a ka sassauta, a 1989 a ka kafa hukumar NDLEA, hanin kuwa bai tashi ba.

Saboda haka, ya kai mai mota, ka san abin da ke cikin buhun da a ka biya ka ninki biyu ka ɗauka. Ya kai mai jari, idan a ka yi maka alkawarin riba wadda ta wuce ta gyaɗa da auduga nesa, ka tambayi wa zai sayi amfanin, ya kuma yi me da shi. In an yi ta kewaye-kewaye, ka ɗaure jakarka. Ku kuma 'yan'uwana malamai, idan almajiri ya kawo muku hujja da Magrib, kada ku kore shi da tsawa, ku karanta masa labarin har ƙarshe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah shi tsare mana hankulanmu da zuriyarmu, shi sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu. Wassalam.