A Auna Ruwan Kafin Yaranmu Su Sha

Jama'ar Ƙaraye da Rogo, kun saba ganin yadda ake yi in zaɓe ya ƙarato. A kawo injin haƙa, a sa burtsatse, a kafa allo da sunan mai girma wane, a yi kiɗa a watse. Mun yarda ruwa alheri ne. Amma muna so a amsa mana tambaya guda: me ke cikin ruwan nan da 'yan yayenmu ke sha safe da yamma?

Akwai wani sinadari da ake kira fulorayid, wanda ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwan rijiya mai zurfi. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe kuma ba ya jinsa. Kaɗan daga cikinsa yana tsare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa kuwa sai ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke haddi, watau miligiram 1.5 cikin kowace lita, kuma dokar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta bi wannan haddi.

Yaro ƙarami shi ne abin jin tsoro. Babban mutum yakan fitar da wajen rabin abin da ya sha ta fitsari. Yaro mai tatata kuwa, da yake ƙashinsa yana cikin ginuwa, jikinsa yakan riƙe har kashi 80 cikin 100. Haƙoran da za su fito bayan famfara suna can suna ƙulluwa cikin dasashi tun yana goye. In fulorayid ya yi musu yawa a shekarun nan, sai su fito da dabbare-dabbaren fari ko ja, kuma ba asuwakin da zai kankare su har tsufa.

Kada wani ya ce tatsuniya muke yi. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, an buɗe wa mutane ruwan burtsatse a 1985. Fulorayid ɗin cikinsa ya haura haddi fiye da ninki uku. Aka yi shekara wajen 15 ana sha, ɗaruruwan yara suka taso da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu, wasu ko tafiya ba sa iyawa sosai. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka fito da rahoto a kai a 2002, bayan ɓarna ta riga ta auku. A ƙasarmu ma an san jan haƙori irin wannan a Langtang da Kaltungo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Kano da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, su auna ruwan kowace burtsatse, tsohuwa da sabuwa, su rubuta abin da aka samu da Hausa a jikin famfon, inda kowa zai gani. Wadda ta haura haddi a hana sha daga gare ta, a sama wa unguwar wani ruwan. Ƙasar da aka gina madatsar Challawa a cikinta tun 1992 bai kamata talakanta ya rasa ruwa mai lafiya ba. Kuɗin awo bai kai na walimar buɗe famfo ba.

Ku kuma iyaye, ku sani tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fulorayid, tacewa da ƙyalle ma haka. Nonon uwa kusan babu shi a ciki, don haka a bar jariri a kan nono zalla har wata 6. Yaron da bai cika shekara 3 ba, a ɗiga masa man goge baki kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. A tsaya a kansa ya tofar, kada ya haɗiye don zaƙi.

'Yan kasuwa masu sayar da man nan, ku faɗa wa mai saye haka, ladanku na wurin Allah. In ɗan takara ya zo rumfarku neman ƙuri'a da labarin burtsatsen da ya haƙa, ku ce ya nuna muku takardar awon ruwan tukuna.