Lissafin Rabin Kwalba

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama tsakanin ma'aikatan ofis a biranen Turai, watau mutum ya tashi aiki, ya biya kanti ya sayi rabin kwalbar giyar inabi mai kumfa, ya sha da abincin dare. Hujjarsu ita ce babbar kwalba, mai mililita 750, in an buɗe ta kumfarta ba ta jimre ajiya, ita kuwa ƙaramar, mai mililita 375, ba ta wuce kofi uku ba. 'Yan kasuwa suna kiran wannan tsimi da tanadi. Tun da yake abin da aka yi a Landan ko Faris ba ya daɗewa bai iso teburin ɗan boko ba, wajibinmu ne mu buga lissafin tun da wuri.

Ba dukkan giya mai kumfa ce shampen ba. Wannan suna na wadda aka yi a yankin Champagne na Faransa ne kaɗai, kuma sunan yana cikin abin da mai saye yake biya. Cava ta Sifen, da Crémant ta wasu yankunan Faransa, da Cap Classique ta Afirka ta Kudu, duk hanya ɗaya ake bi wajen yin su, watau a sake tsima giyar cikin kwalbarta har iska ta taru. Prosecco ta Italiya kuwa yawanci a manyan tankuna ake tsima ta, shi ya sa ta fi sauƙin kuɗi. Saboda haka mai neman rangwame ba shi da dalilin biyan kuɗin suna.

Amma fa araha ba ta ado. Da wuya a sami rabin kwalba a kan rabin kuɗi, domin kwalba da murfi da wayar da ke ɗaure shi da ladan ma'aikata kusan ɗaya ne, ko babba ko ƙarama. Bugu da ƙari, giyar ƙaramar kwalba ta fi saurin tsufa a kanti. Ashe mai saye ya biya kowane kofi da tsada, ya kuma ɗauki kayan da ya fi kusa da lalacewa.

Lissafin jiki ya fi wannan nauyi. Irin wannan giya takan ƙunshi barasa wajen kashi 12 cikin 100, watau mililita 45 a rabin kwalba, ko awo huɗu da rabi a ma'aunin likitocin Ingila. A 2016 manyan likitocin ƙasar suka ba da shawara kada mutum ya wuce awo 14 a mako. Wanda ya riƙa shan rabin kwalba daga Litinin zuwa Juma'a ya kai awo 22 da rabi, tun kafin Asabar ta zo. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da ba shi da illa.

Mu a Nijeriya mun ga irin wannan. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, shampen ta zama alamar isa a wuraren biki, har gwamnatin Janar Obasanjo, wadda ta yi mulki daga 1976 zuwa 1979, ta hana shigo da ita. Waccan almubazzaranci ce ta ranar biki, kowa yana gani. Ta rabin kwalba kuwa a ɓoye take cin albashi, dare bayan dare.

Ga Musulmin cikinmu, ƙanƙantar kwalba ba ta sake hukunci ba. Ga 'yan'uwanmu da addininsu bai hana su ba, shawararmu ita ce su kwatanta kuɗin mililita kafin su saya, kuma kada su mai da abin biki abincin kullum. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su wadata liyafar maraba da ta ban kwana da zoɓo da kunun aya da ruwan inabi marar barasa, don kada ɗalibi ya bar jami'a yana zaton sai da kumfa ake zama babban ma'aikaci. Allah ya sa mu gane.