Masaƙan Haɗejia Rumfa Suke Buƙata, Ba Tallafin Yini Ɗaya Ba

A fadamar Haɗejia, masu saƙar tabarmar kaba kowa a gidansa yake aiki. In ambaliya ta zo, irin ta 2022, sai ta haɗa da jarinsa. Rabon tallafi a gaban kyamara kuwa bai taɓa raya sana'a ba. A Hanoi ta ƙasar Biyetnam, gida ɗaya, Nhà Sàn, da aka buɗe wa masu fasaha a 1998, ya sada su da takwarorinsu na ƙetare. Ladi Kwali ma sai da ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 duniya ta san ta. Hukuma ta gina wa masaƙan rumfa guda a kan tudu, mai ma'aji, wadda baƙi za su iya iske su a cikinta.