RA'AYINMU: DOKAR HAYA KAƊAI BA TA GINA ƊAKI

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, ya san cewa bayan abinci ba abin da ke cinye guminsa kamar kuɗin haya. Da shekara ta zagayo sai mai gida ya aiko da takardar ƙari, dillali na jiran la'adarsa, lauya kuma na jiran kuɗin rubuta yarjejeniya. Galibinmu mai gida muke zagi, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. A ganinmu tsadar haya tana farawa ne tun kafin a aza bulo na farko, watau daga dokokin da suka shafi fili da izinin gini, kuma yawancinsu a hannun gwamnatin jiha suke.

Asalin maganar ita ce Dokar Amfani da Ƙasa wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta, ta kuma ce wanda ke riƙe da fili a birni ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, sai da yardar gwamna. Mu mutanen Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kusan haka take. Amma a nan Kudu, inda fili ya daɗe a hannun dangi da sarakuna, sai aka wayi gari mai saye yana da iyayen gida biyu: ya biya dangin da suka sayar masa, sa'an nan ya bi layin ofis neman sa hannun gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, cewa jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba banza ce. Ma'anarsa, wanda ba shi da cikakkiyar takarda da wuya banki ya ba shi rancen gini, sai dai ya riƙa tara bulo da guminsa shekara da shekaru.

Bugu da ƙari, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini aikin jihohi ne. Saboda haka kuɗin safiyo, da na amincewa da zanen gida, da na rajista, da tsawon watannin da takarda za ta kwana a teburin ma'aikaci, duka jiha ce ke da ikon sassautawa ko tsanantawa. Duk watan da takarda ta yi a ofis, siminti da rodi da kwano ba su jiran kowa, kuma magini ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba, a kan ɗan haya zai fanshe.

Ba mu ce Jihar Ikko ba ta taɓuka kome ba. A farkon 2015 Gwamna Babatunde Fashola ya rage jimlar kuɗin neman yardar gwamna da hatimi da rajista da harajin ribar sayarwa daga kashi 13 cikin ɗari na darajar fili zuwa kashi 3. A 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar kare dukiya, wadda ta tanadi ɗauri ga masu ƙwace fili da ƙarfi, ta kuma hana 'yan tashar nan da Yarbawa ke kira omo onile tare mai gini su ce sai ya biya kafin a sauke yashi ko a ɗora rufi. Waɗannan dokoki ne da ke rage wa magini nauyi, mun kuwa yaba. Sai dai doka a takarda daban, doka a bakin fili daban, kuma talakan da 'yan sanda ba su amsa kiransa ba dole ya biya don a bar leburorinsa su yi aiki.

To, ga kuma dokar haya ta 2011. Ta haramta wa mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta sa tarar Naira dubu 100 ko ɗaurin wata 3, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi. An tsame Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja daga cikinta. Niyyar dokar kyakkyawa ce. Amma inda mutum goma ke rububin ɗaki ɗaya, wa zai kai mai gida ƙara? Wanda ya ce sai an bi doka, kafin ya rufe baki wani ya miƙa kuɗin shekara biyu ya karɓi makulli. Dokar ta tsara yadda za a biya, ba ta ƙara ko ɗaki guda a birnin ba.

Dattawanmu sun ga hanyoyi biyu da idonsu. Tsakanin 1979 da 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu rahusa a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo da Abesan da sauransu, ƙananan ma'aikata suka mallaka. A watan Yuli na 1990 kuma gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, mutane wajen dubu 300 suka rasa matsuguni, aka mai da wurin unguwar masu hali. Wanda duk aka rushe wa ɗaki wata unguwar zai koma, ya ƙara wa haya tsada a can.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a sakar wa magina mara su yi yadda suka ga dama. Benen da ya rufta wa 'yan makaranta a Ita-Faji a 2019, da bene mai hawa 21 da ya faɗi a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021 ya kashe mutum fiye da 40, sun isa ishara. Abin da muke so shi ne a tsananta wajen duba harsashi da rodi da siminti, a sassauta wajen kuɗi da jeka-ka-dawo. In izini ya yi tsada ya yi nisa, mai ƙaramin ƙarfi zai yi gininsa a ɓoye, kuma ginin ɓoye shi ne wanda ba mai dubawa.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Ikko da ta yanka wa ofisoshi wa'adin da ba za su wuce ba wajen ba da yardar gwamna da izinin gini, ta rage kuɗi ga mai gina ɗakunan haya na talakawa, ta kuma hana rushe unguwa sai an tanadar wa mutanenta inda za su koma.

Ku kuma 'yan uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku biya haya ba rasit. Kada ku sayi fili da baki don wai mai sayarwa mutumin kirki ne. Ku kai safiyo, ku bincika a ofishin rajistar filaye ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, ku sa lauya ya rubuta. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su haɗa jama'a cikin ƙungiyoyin adashi na sayen fili mai takarda, su kuma riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da majalisa za ta taɓa dokar fili ko ta haya. Muna biyan haraji a nan, 'ya'yanmu a nan aka haife su, don haka muna da bakin magana.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu dace.