Nasiha ga Mai Nufin Sayen Gidan Hutu Kusa da Masu Musayar Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya gida sutura ga bawansa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa. Bayan haka:

Ku sani, ya 'yan'uwa malamai da almajirai, a kudancin Faransa, bakin Bahar Rum, akwai wani wuri ana ce masa Kap Dagdi, kusa da tsohon garin Agdi. Tun shekarar 1963 Miladiyya hukumar Faransa ta ɗauki aikin gina wannan gaɓa domin mutane su sami wurin hutu lokacin zafi. A cikinsa aka keɓe unguwa guda mai ƙofa da masu tsaro, inda ake yawo tsirara har cikin kantuna. Daga baya wata jama'a ta shigo musu, su ne waɗanda miji da mata ke zuwa tare su yi musaya da wasu ma'aurata. Suka buɗe gidajen shagali, har sunan wurin ya tafi da su, tsofaffin mazauna suna kuka da su.

To, dillalai suna tallan ɗakuna a nan ga baƙi, suna cewa ka huta wata guda, sauran shekara haya ta biya ka. Mai kuɗi kuwa sai ya ce: ni gida na saya, ban sayi aikin kowa ba. Wannan magana ba ta tsayuwa, saboda hujja uku.

Ta farko, lissafi. Sayen gida ba ya ba baƙo iznin zama, mai bizar ziyara ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Amma haraji ba ya hutu. Akwai harajin mallaka kowace shekara, akwai harajin zama wanda aka ɗauke wa gidan da mutum ke zaune a 2023, aka bar shi a kan gidan hutu, ga kuɗin kula da bene da ake raba wa masu ɗakuna. Saboda haka lalle sai ka sa ɗan haya. Wa zai kama ɗaki a bakin wannan ƙofa, in ba wanda ya zo dominta ba? Tsadar hayar ma kusancin ne ya kawo ta. Malamanmu na Malikiyya sun hana ba da hayar shago ga mai sayar da giya, sun hana sayar da inabi ga wanda ka san matsawa zai yi ya yi giya. Ina ga wanda ya shimfiɗa gado, ya miƙa mabuɗi, ya karɓi kuɗi?

Ta biyu, maƙwabtaka. Larabawa suka ce a nemi maƙwabci kafin gida, mu kuma muka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A cikin Suratul Isra'i an hana kusantar zina tun kafin aikata ta, zama ido yakan saba, abin da ido ya saba da shi kuwa zuciya takan daina ƙinsa. Kai ko ka tsare kanka, ɗanka fa da ke leƙe ta taga? Kuma gida ya fi mai shi daɗewa. Ranar da ka kwanta dama, magadanka za su gaji ɗakin tare da unguwarsa.

Ta uku, suna cewa abin da yardar juna ake yi, ba a cuci kowa ba. Ku sani wannan ba sabon abu ba ne. Malaman hadisi sun ambaci auren musaya cikin al'adun jahiliyya, mutum ya sauka wa wani daga matarsa shi ma a sauka masa, Musulunci ya rushe shi. Wanda ya yarda da alfasha ga iyalinsa shi ake kira dayyusu, narkon da ya zo a kansa mai tsanani ne. Yarda tana halatta ciniki, ba ta halatta abin da ba naka ba ne balle ka bayar.

In ka ce: ai babu garin da ba a saɓo a cikinsa. Sai mu ce: gaskiya ne, amma da bambanci tsakanin garin da ɓarna ke ɓuya a cikinsa da unguwar da ɓarna ce kasuwarta. Ba mu zargin mutanen Agdi duka, cikinsu akwai masunta da manoma da masu neman abincinsu kamar kowa. Maganarmu ga wanda ya ƙetare teku da dukiyarsa ya zaɓi wannan ƙofa da kansa.

Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi abu uku: me ya sa ake zuwa wannan unguwa, wa zai kwana a ɗakin in ba ka nan, kuma za ka iya kai mahaifiyarka can ba ka sunkuyar da kai ba? Wanda ya riga ya saya cikin rashin sani, ya sayar ko da da faɗuwa. Kafin ya sami mai saye, ya rufe ɗakin ya biya harajinsa, ya fi masa sauƙi da hayar da zai amsa tambaya a kanta gobe kiyama.

Allah ya tsare mana mutuncinmu da na zuriyarmu. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.