Waiwaye: Takardar izinin da mai ita ya rubuta wa kansa

Ranar 31 ga Maris, 2014, shugaban Kotun Duniya da ke birnin Hague, Peter Tomka, ya karanta hukunci a wata shari'a da ba a saba gani ba. Wannan kotu dai ita ce ta raba mu da Bakasi a 2002, don haka mun san ta da rikicin kan iyaka. A wannan karon Ostireliya ce ta yi ƙarar Japan a kan wata dabbar teku, kuma abin da aka kusa shekara huɗu ana ja-in-ja a kai takarda ce guda: izinin bincike.

Dabbar ita ce wadda ake kira kifin wel, ko da yake sunan kifi bai kama ta ba. Iska take shaƙa, ciki take ɗauka ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono, kamar dai ayun da masuntan kogin Binuwai suka sani. Daga cikin danginta akwai mai doro, wanda tsawonsa kan kai mita 15, nauyinsa kuma ya haura tan 30. Namijin yakan rera wata doguwar waƙa a ƙarƙashin ruwa, yana maimaita ta sa'o'i. Roger Payne ya fitar da faifan wannan waƙa a 1970, kuma mutane da yawa a Amurka da Turai daga ranar da suka ji ta suka daina kallon dabbar a matsayin tulun mai. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce can-can: duk shekara masu doro kan taso daga ƙanƙarar kudu su zo haihuwa a gaɓar Gabon da sauran ruwan Gini.

Kafin a kai nan an yi mata kisan ƙare dangi. Sai a 1963 aka hana farautar mai doro a kudancin duniya, a 1966 aka hana ko'ina. Hanin ma bai tsayar da kowa ba, domin a 1993 wani masani ɗan Rasha, Alexey Yablokov, ya tona cewa jiragen Tarayyar Sobiyet sun yi shekaru suna kashe dubun-dubata a ɓoye suna kai alƙaluman ƙarya. A 1982 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da farautar wel ta yanke a dakatar da farautar kasuwanci baki ɗaya, aka soma aiki da hakan wajen 1986.

To, amma akwai wata ƙofa da aka bari a buɗe tun 1946, lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar farautar wel a Washington. Sashe na 8 ya ce kowace gwamnati tana iya ba 'yan ƙasarta izini na musamman su kashe wel saboda binciken kimiyya. Ita za ta yanke adadi, ita za ta gindaya sharuɗɗa. Hukuma tana iya duba shirin ta ba da shawara, amma ba ta da ikon cewa a'a. Sashen ya ƙara da cewa kada a bar naman ya lalace, a sarrafa shi gwargwadon iko. Wanda ya tsara wannan ƙila masani ɗaya yake hange da dabba biyu ko uku a gabansa. Bai san kura ya ba ajiyar nama ba.

A 1987, wato farautar kasuwanci na rufewa, Japan ta buɗe shirin bincike a tekun Antatika. Jirgin Nisshin Maru, wanda mahauta ce sukutum a kan ruwa, ya ci gaba da tafiya kudu duk shekara, sai dai yanzu an rubuta kalmar bincike da manyan baƙaƙe a jikinsa. Kuma gaskiya ana yin wani abu mai kama da binciken. In an jawo dabba kan jirgi, a auna ta, a farke ciki a ga abin da ta ci, a ciro daskararren dattin kunnenta a ƙirga zobbansa don a san shekarunta, a duba mahaifa. Daga nan wuƙa ta ci gaba da aikinta, naman ya tafi firji, ya ɓulla a kasuwannin Japan.

A 2005 aka faɗaɗa shirin. Aka ce duk shekara za a kashe ƙananan wel da ake kira minki kimanin 850, da nau'in fin 50, da masu doro 50. Hamsin ɗin nan na ƙarshe su suka tayar da ƙura. Mutanen Ostireliya sun san masu doronsu ɗaya bayan ɗaya, suna biyan kuɗi su shiga kwale-kwale su je kallonsu. Har akwai wani fari fat da aka fara gani a 1991, suka raɗa masa suna Migaloo, ana jiran wucewarsa kamar hawan sarki. Da ihu ya yi yawa, a Disambar 2007 Japan ta ce ta jingine batun masu doro. Ba ta kashe ko ɗaya ba, amma kuma ba ta goge lambar 50 daga takardar ba.

Abin da ya burge ni a hukuncin 2014 shi ne alƙalan ba su shiga rigimar ko cin naman wel daidai ne ko kuskure ba. Ni ma ba ni da bakin faɗa wa mutumin Japan abin da zai sa a tukunyarsa. Lissafi kawai suka bi. Kun ce bincikenku ba zai yiwu ba sai da masu doro 50 a shekara, ga shi ba ku taɓa ko ɗaya ba, kuma kun ce aiki na tafiya lafiya. Kun ce fin 50 duk shekara, amma 18 kuka kama a shekara bakwai. Me ya sa adadin minki ya ninka? Kun taɓa zama kun auna ko za a iya samun amsar ba tare da zubar da jini ba? Sannan aka ɗora minki kusan 3,600 a gefe guda na sikeli, a ɗaya gefen kuma maƙala biyu rak da suka tsallake tantancewar masana. Alƙalai 12 suka ce wannan izini ba don bincike aka bayar da shi ba, 4 suka saɓa.

Mu leƙa Hawai, inda dubban masu doro ke zuwa haihuwa duk hunturu. Can ma takardar sunanta izinin bincike. A ƙarƙashin dokar kare dabbobin teku masu shayarwa da Amurka ta kafa a 1972, ko takura wa dabbar laifi ne, balle kisa. Ba a yarda kwale-kwale ya matsa ƙasa da yadi 100 ba, jirgin sama kuma ƙafa 1,000. Masanin da ke son ƙetare wannan iyaka sai ya rubuta wa hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka abin da yake nema, da dabba nawa zai tunkara, da sau nawa. A buga buƙatarsa a jaridar gwamnati, jama'a su sami kwana 30 su tofa albarkacin bakinsu, wata hukuma dabam ta duba, ya jira watanni. Masanan kan yi ƙorafin jan ƙafa, kuma suna da gaskiyarsu.

Duk wannan wahala a kan me? A kan ya matsa kusa ya ɗauki hoton ƙarƙashin wutsiya lokacin da dabbar za ta nutse, domin zanen baƙi da farin da ke wurin kowa da nasa, kamar tambarin ɗan yatsa. Ko ya harba wata 'yar kibiya da ke tsinko fata da kitse wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ta faɗo ruwa ya tsince ta. Daga ɗan tsokan nan za a san mace ce ko namiji, dangin wa ce, ko tana da ciki. Da hotuna da kibiyoyin nan aka yi babban ƙidayar 2004 zuwa 2006 a arewacin tekun Fasifik, aka gano masu doro sun kai wajen 20,000. A 2016 Amurka ta kasa su rukuni 14 a duniya, ta cire 9 daga jerin masu fuskantar ƙarewa.

Japan kuwa, bayan hukuncin, hutun shekara ɗaya ta yi. Ta sake rubuta wa kanta sabon izini na minki 333 a shekara. A kakar da ta ƙare a 2018, guda 122 daga cikin waɗanda aka farke suna da ciki. A ƙarshen wannan shekarar ta sanar da ficewa daga hukumar, ta ce za ta daina zuwa Antatika. Ranar 1 ga Yulin 2019 jiragenta suka fita farauta a ruwanta na gida, da takardar da aka rubuta kasuwanci ƙarara a kanta.